Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa: Malamin Makaranta Da Ya Zama Firayim Minista

Gabatarwa

Kowane ɗalibi a makarantarmu ya san fuskar mutumin da ke jikin takardar naira biyar. Amma ran da muka tambayi 'yan aji biyar ko wane muƙami ya riƙe, sai fiye da rabinsu suka ce shugaban ƙasa ne. Wannan kuskure shi ya sa muka zaɓi tarihin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa domin mujallar bana. Shi Firayim Minista ne, kuma tun da aka kafa Nijeriya shi kaɗai ya taɓa riƙe wannan muƙami. Wanda ya bi rayuwarsa daki-daki zai ga yadda aka gina majalisun ƙasar nan tun daga tushe, da yadda suka yi aiki, da kuma abin da ya rushe su. Mu da muke zaune a Kutemeshi, nesa da Abuja, muna da bukatar sanin wannan ƙwarai, gama wanda bai san yadda aka shirya gwamnati ba, ba zai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba ran da wahala ta same shi.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Abubakar a watan Disamba na 1912 a garin Tafawa Ɓalewa cikin Lardin Bauchi, daga nan ne kuwa ya samo sunan da duniya ta san shi da shi. Sunan mahaifinsa Yakubu Ɗan Zala, mahaifiyarsa kuma Fatima Inna. Ba ɗan sarki ba ne, mahaifinsa ƙaramin ma'aikaci ne a gidan hakimi. Ya fara da makarantar allo, ya yi elementare a garinsu, sa'an nan ya wuce makarantar lardi a Bauchi. A 1928 ya shiga Kwalejin Katsina, wadda a zamanin nan ita ce babbar makarantar horon malamai a duk Arewa, ya gama a 1933.

Da ya koma gida sai aka ba shi aji a Midil ta Bauchi, inda ya koyar da Turanci har ya zama hedimasta. A farkon aikinsa ne ya rubuta littafin Shaihu Umar, domin gasar ƙagaggun labarai da aka shirya a Zariya a 1933. A Bauchi ya yi zama da Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano, sukan haɗu a taron tattaunawa inda ake muhawara a kan sha'anin mulki da ilimi. A 1945 aka tura shi Jami'ar London ya yi shekara guda yana ƙaro ilimin koyarwa. Ya kamata 'yan makaranta su lura da abu ɗaya a nan: iya magana da natsuwa wadda ta sa daga baya ake kiransa mai muryar zinariya, a gaban allo ya koye ta, cikin shekaru fiye da goma yana fama da yara.

Matakin farko: majalisar ba da shawara

Lokacin da Abubakar ya dawo daga Ingila, Gwamna Richards ya kawo sabon tsarin mulki wanda ya raba ƙasa jiha uku, wato Arewa da Gabas da Yamma, kowace da majalisarta. A Kaduna aka kafa Majalisar Wakilai ta Arewa da Majalisar Sarakuna. A wannan mataki talaka bai da ƙuri'a. En'e ce take zaɓen wanda zai tafi Kaduna, majalisar Kaduna kuma ta zaɓi waɗanda za su tafi Majalisar Dokoki ta Ikko. Ta wannan hanya En'e ta Bauchi ta aika da Abubakar Kaduna a 1946, daga can kuma aka aika da shi Ikko a 1947. Aikin waɗannan majalisu bai wuce ba da shawara ba, iko na ainihi yana hannun Gwamna Bature da ma'aikatansa.

Duk da haka a cikin wannan majalisa mai ƙarancin iko ya yi abin da ya fito da sunansa. A watan Agusta na 1950 ya miƙe a majalisar Kaduna ya kawo batu cewa a binciki tsarin En'e a yi masa gyara. Ya nuna cewa bai kamata sarki shi kaɗai ya zama hukuma ba, ya yi maganar cin hanci da zaluncin da ake yi wa talakawa, ya nemi a ba jama'a baki cikin sha'anin mulkinsu. Faɗin wannan a gaban wakilan sarakuna da Turawa a wancan zamani ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne ga ɗan talaka mai cin albashin En'e. Da ƙyar batun ya wuce, amma ya wuce, kuma cikin 'yan shekaru aka sake doka, ya zama dole sarki ya yi mulki tare da majalisarsa.

Mataki na biyu: ministoci da tarayya

A 1951 tsarin mulkin Gwamna Macpherson ya kafa Majalisar Wakilai ta ƙasa duka mai zaɓaɓɓun wakilai 136. Arewa ta sami 68, Gabas 34, Yamma 34. Zaɓen hawa-hawa aka yi: masu biyan haraji su zaɓi wakilai a ƙauye, waɗannan su zaɓi na gunduma, haka har a kai lardi. Aka kuma kafa Majalisar Ministoci mai 'yan ƙasa 12, huɗu daga kowace jiha. A shekarar nan ce Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta fara a matsayin ƙungiyar al'adu ƙarƙashin Dokta R. A. B. Dikko na Wusasa, ta zama jam'iyyar siyasa, wato NPC. Abubakar ya zama Ministan Ayyuka a 1952.

Wannan tsari bai daɗe ba. A 1953 Anthony Enahoro ya kawo batu a majalisa cewa a ba Nijeriya mulkin kai a 1956, wakilan Arewa suka ce ba su shirya ba tukuna. Rigimar da ta biyo baya ta kai ga zubar da jini a Kano a watan Mayu na shekarar. Bayan taro a London da Ikko sai aka yarda cewa hanyar zama tare ita ce tarayya, kuma a 1954 Nijeriya ta zama tarayya.

Ma'anar tarayya ita ce a raba iko a rubuce. Akwai ayyukan da gwamnatin tsakiya kaɗai take yi, kamar tsaron ƙasa, hulɗa da ƙasashen waje, buga kuɗi, kwastan, jirgin ƙasa da gidan waya. Akwai waɗanda tsakiya da jihohi suke tarayya a kai, kamar ilimi mai zurfi. Sauran kuwa, kamar makarantun firamare da sakandare, aikin gona da sha'anin En'e, an bar wa jihohi. Ƙasar Birnin Gwari a lokacin tana cikin Lardin Zariya, saboda haka yawancin abin da ya shafi kakanninmu a Kaduna ake yanke shi.

A sabuwar gwamnati Abubakar ya riƙe ma'aikatar sufuri. A shekarunsa na farko a Ikko bai gaskata cewa kabilun Nijeriya za su iya zama al'umma ɗaya ba, kuma bai ɓoye wannan ra'ayi ba. A 1955 ya tafi Amurka domin ya ga yadda ake sufuri a manyan koguna. Ganin yadda mutane daga asali dabam-dabam suka haɗu suka gina ƙasa guda ya sa ya sake tunani, ya dawo ya ba da sauran rayuwarsa ga haɗin kan Nijeriya.

Firayim Minista

A 1957 aka ƙirƙiro muƙamin Firayim Minista, Gwamna Janar Sir James Robertson ya naɗa Abubakar. Shugaban NPC shi ne Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, amma ya zaɓi ya zauna Kaduna a matsayin Firimiyan Arewa, ya bar mataimakinsa ya ja ragamar jam'iyya a Ikko. Abubakar ya kafa gwamnatin haɗin kan ƙasa, ya jawo NCNC da AG ciki domin a nemi 'yanci da murya ɗaya.

A wannan lokaci ne ƙananan kabilu, har da na tsakiyar Arewa, suka nuna tsoron cewa manyan kabilu za su danne su bayan tafiyar Turawa. Hukumar Willink ta zaga ƙasa a 1957 da 1958 tana sauraron kukansu. Ba ta yarda a ƙirƙiro sababbin jihohi ba, amma ta ba da shawara a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam cikin tsarin mulki. Daga nan ne 'yancin addini da 'yancin faɗin albarkacin baki da na yin taro suka shiga dokar ƙasa, kuma duk tsarin mulkin da aka yi daga baya ya riƙe su.

Ran 12 ga Disamba 1959 aka yi babban zaɓe. A karo na farko mutumin Arewa ya jefa ƙuri'a kai tsaye ga wakilinsa na tarayya, ko da yake maza kaɗai aka yarda wa, matan Arewa sai a shekarun 1970 suka sami wannan dama. Kowane ɗan takara da akwatinsa mai alamar jam'iyyarsa: fartanya ta NPC, tauraro na NEPU, zakara na NCNC, itacen kwakwa na AG. Kujeru 312 aka yi takara a kai, 174 a Arewa, 73 a Gabas, 62 a Yamma, 3 a Ikko. NPC ta fi kowa kujeru amma ba ta kai rabi ba, don haka ta haɗa kai da NCNC suka kafa gwamnati. Cif Obafemi Awolowo na AG ya zama shugaban 'yan hamayya. Ran 1 ga Oktoba 1960 Abubakar ya karɓi takardun 'yanci daga hannun Gimbiya Alexandra a filin sukuwa na Ikko, filin da yanzu ake kira da sunansa.

Yadda gwamnatinsa ta kasance

A nan ne muke so ɗalibai su natsu, domin a nan ne amsar tambayar da muka fara da ita take. Babu ranar da 'yan Nijeriya duka suka fito suka zaɓi Abubakar ya zama Firayim Minista. Mutanen mazaɓarsa a Lardin Bauchi ne suka zaɓe shi wakili, kamar sauran wakilai 311. Abin da ya ɗaga shi bisa sauran shi ne mafi yawan wakilai suna bayansa. Da a ce wata rana mafi yawansu sun juya masa baya sun jefa ƙuri'ar rashin amincewa, da dole ya sauka ko kuwa a rushe majalisa a koma zaɓe.

Ministocinsa ma daga cikin majalisa ya ɗauko su. Muhammadu Ribaɗu ya riƙe tsaro, Festus Okotie-Eboh kuɗi, Inuwa Wada ayyuka, Maitama Sule ma'adinai da lantarki, Jaja Wachuku harkokin waje daga 1961, Shehu Shagari kuma ya riƙe ma'aikatu dabam-dabam. Musulmi da Kirista, 'yan Arewa da 'yan Kudu, a tebur ɗaya suke zama, kuma abin da suka yanke ya hau kansu duka. Da yake kowane minista ɗan majalisa ne, wakili daga ƙauye mafi nisa yana iya miƙewa ya tambaye shi ido da ido dalilin da ya sa ba a gyara wata gada ba, dole kuwa ya amsa a gaban Kakakin Majalisa. Alhaji Ibrahim Jalo Waziri na Gombe shi ya riƙe kujerar Kakaki daga 1960 zuwa 1966.

Akwai kuma Majalisar Dattawa, wadda ta fara da mutum 44: goma sha biyu daga kowace jiha, huɗu daga Ikko, huɗu kuma naɗaɗɗu. Jama'a ba su zaɓen dattawa, majalisun jihohi ne suke tsayar da su. Ikonsu kaɗan ne, suna iya jinkirta doka na ɗan lokaci amma ba su iya hana ta. Shugaban ƙasa kuwa uba ne na girmamawa. Daga 1960 Sarauniyar Ingila ce, Dokta Nnamdi Azikiwe yana wakiltarta a matsayin Gwamna Janar tun daga watan Nuwamba. Ran 1 ga Oktoba 1963 Nijeriya ta zama jamhuriya, Azikiwe ya zama Shugaban Ƙasa, amma gudanar da mulki ya ci gaba da zama a hannun Firayim Minista.

A ƙarƙashin wannan gwamnati aka kai layin dogo Maiduguri a 1964, aka fara gina madatsar ruwa ta Kainji a shekarar, aka buɗe Jami'ar Legas a 1962, aka gama gadar Kwara a Onitsha a 1965. A waje kuma Nijeriya ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya ran 7 ga Oktoba 1960, ta aika da soja Kwango domin kwantar da tarzoma, ta yanke hulɗa da Faransa a 1961 saboda gwajin bam ɗin nukiliya a hamadar Sahara, ta kuma sa hannu wajen kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Addis Ababa a 1963.

Inda ginin ya tsage

Tarihi na gaskiya ba ya ɓoye laifi. Tsarin da muka bayyana ya dogara ne a kan abu biyu, ƙidayar jama'a ta gaskiya da zaɓe na gaskiya, domin yawan jama'a shi ke raba kujeru, yawan kujeru kuma shi ke ba da mulki. Duka biyun sun lalace a zamaninsa. An soke ƙidayar 1962 saboda gardama, ta 1963 kuma wadda ta ce mutanen ƙasa miliyan 55.6 ne, gwamnatin Gabas ta ƙi yarda da ita. Kowace babbar jam'iyya ta mai da jiharta gonarta. A Arewa 'yan NEPU da 'yan UMBC ta Joseph Tarka sun sha wuya a hannun 'yan doka da kotunan En'e, ƙasar Tibi kuma ta yi tarzoma a 1960 da 1964.

A 1962 AG ta rabu biyu tsakanin Awolowo da Cif Akintola, aka yi dambe a zauren majalisar Ibadan. Majalisar tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci a Yamma, aka naɗa Dokta Majekodunmi ya riƙe jihar. A 1963 aka ɗaure Awolowo shekara goma bisa laifin cin amanar ƙasa, aka kuma yanki Jihar Yamma ta Tsakiya daga jikin Yamma. Zaɓen 30 ga Disamba 1964 ya zo cikin zargin an hana 'yan hamayya tsayawa a wurare da yawa, gamayyar UPGA ta ƙaurace masa. Shugaba Azikiwe ya yi kwanaki bai kira Abubakar ya kafa gwamnati ba, sai ran 4 ga Janairu 1965 bayan manyan alƙalai sun shiga tsakani. Zaɓen Yamma na Oktoba 1965 ya fi wannan muni, aka shiga ƙone-ƙone da kashe-kashe. Masu sukar Abubakar sun ce ya yi hanzarin kafa dokar ta-ɓaci a 1962 lokacin da rikici ya shafi abokan hamayyarsa, amma ya yi sanyin jiki a 1965 lokacin da abokin ƙawancensa ke kan mulki. Mun ga wannan suka tana da tushe.

Rasuwarsa

A watan Janairu na 1966 ya karɓi baƙuncin shugabannin ƙasashe renon Ingila a Ikko domin batun Rodeshiya. Bayan kwana kaɗan, da asubahin 15 ga Janairu, waɗansu hafsoshin soja suka ɗauke shi daga gidansa. A daren nan aka kashe Sardauna a Kaduna, da Akintola a Ibadan, da Okotie-Eboh, da manyan soja irin su Birgediya Maimalari da Laftanar Kanar Yakubu Pam. Sauran ministoci da muƙaddashin shugaban ƙasa, Nwafor Orizu, suka miƙa mulki ga Janar Ironsi. Bayan kusan mako guda aka sami gawar Firayim Minista a bakin hanyar Ikko zuwa Abeokuta, aka kai ta Bauchi aka binne. Yana da shekara 53. Ko abokan hamayyarsa sun shaida cewa bai tara dukiya ba, kuma wanda ya ziyarci kabarinsa a Bauchi zai ga 'yan kayan da ya bari. Majalisar da ya yi wa hidima ta kasance a rufe har shekara 13.

Yadda abin yake a yau

Da aka koma mulkin farar hula a 1979 sai aka bar tsarin Ingila aka ɗauki irin na Amurka, kuma a kansa tsarin mulkin 1999 ya tsaya. Yanzu jama'a duka suke zaɓen Shugaban Ƙasa na shekara huɗu, ba ya wuce zango biyu, kuma sai ya sami ƙuri'u mafi yawa tare da kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi. Shi ba ɗan majalisa ba ne, ministocinsa ma haka, sai dai Majalisar Dattawa ce take tantance su. Majalisar Dattawa tana da mutum 109, uku daga kowace jiha 36 da ɗaya daga Abuja. Majalisar Wakilai tana da 360, an raba su bisa yawan jama'a. Su ne suke yin doka, su amince da kasafin kuɗi, su kuma binciki yadda ma'aikatu suka kashe shi. Gardama a kan wane tsari ya fi ba ta ƙare ba, gama a 2024 waɗansu wakilai 60 sun kawo ƙudirin a koma tsarin Firayim Minista.

Kutemeshi ɗaya ce daga cikin mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari. A Majalisar Wakilai muna cikin mazaɓar Birnin Gwari da Giwa, ɗaya daga kujeru 16 na Jihar Kaduna. A Majalisar Dattawa muna cikin Kaduna ta Tsakiya. Tsarin mulkin 1999 ya sa soja da 'yan sanda a hannun gwamnatin tarayya. Saboda haka a shekarun da 'yan bindiga suka addabi dajinmu, suka hana noma, suka tare hanyar Kaduna da ta Funtuwa, waɗannan mutum biyu su ne bakinmu a wurin da ake raba kuɗin tsaro. Doka ta ba mu ikon yi musu kiranye idan fiye da rabin masu rajista a mazaɓa suka sa hannu a takardar koke, hukumar zaɓe ta tabbatar, aka kuma yi ƙuri'ar raba gardama.

Kammalawa

Yawancin 'yan aji shida za su cika shekara 18 kafin zaɓe mai zuwa, kuma tun gyaran da aka yi wa doka a 2018 mai shekara 25 yana iya tsayawa takarar Majalisar Wakilai. Muna roƙon kowane ɗalibi ya yi abu uku a wannan hutu: ya nemi sanin sunan wakilinsa da na sanatansa, ya tambayi iyayensa abin da suka gani daga hannunsu, ya kuma yi niyyar yankar katin zaɓe da zarar shekarunsa sun kai. Ga iyaye da 'yan'uwa cikin ikkilisiya muna cewa kada mu sayar da ƙuri'armu, gama mun ga a tarihin nan cewa lalacewar zaɓe ita ta buɗe wa bindiga ƙofa a 1966. Abubakar ya fito daga ƙaramin gari kamar namu, ya zauna a benci kamar wanda 'ya'yanmu suke zama a kai. Allah ya tashe mana shugabanni masu gaskiya da tsoronsa daga cikin ɗaliban nan, ya ba ƙasarmu salama. Amin.